Hawayen minti uku da aikin da aka ce sai gobe

Akwai wani guntun bidiyo da yake ta yawo kwanan nan, a Facebook na fara cin karo da shi, can na gan shi a TikTok, sai kuma ga shi a guruf ɗinmu na gida a WhatsApp. Doki ne a filin yaƙi, waya mai ƙaya ta nannaɗe shi ya kasa tashi, sojan Ingila ya fito daga raminsa yana ɗaga farin ƙyalle, sojan Jamus ma ya fito daga nasa ramin da abin yanke waya, suka haɗu suka kwance shi. An ɗora wani kiɗa mai sanyi a kai, an rubuta a sama wai duk wanda bai yi kuka ba to ba shi da zuciya.

Ɗan yayata ne ya turo mana, tsakar dare, da fuskokin kuka a jere. Shi ne dai yaron da tun kafin azumi yake cewa gobe zai zauna ya gama babi na biyu na furojek ɗinsa. Da safe na yi masa tsiya, sai ya ce min, "Haba Kawu, ai wannan ba shirme ba ne, tarihi ne fa, kuma yana sa mutum tausayi."

To ni a gani na, duk cikin abubuwan da ke cinye mana lokaci a waya babu wanda ya kai irin waɗannan guntayen bidiyo masu sa kuka haɗari. Mai kallon rawa ko barkwanci ya san ɓata lokaci yake, zuciyarsa tana ɗan sukarsa ko bai faɗa ba. Shi kuwa wanda ya yi wa doki kuka ji yake ya yi abin kirki, har kamar ma ya samu lada, sai ya ja bargo hankali kwance, aikin kuma yana nan inda ya bar shi.

Fim ɗin dai ba shi da laifi

Daga War Horse aka yanko guntun, fim ɗin Steven Spielberg na 2011 da aka ɗauko daga littafin Michael Morpurgo na 1982. Labarin wani doki ne mai suna Joey da yaron da ya raine shi a ƙauyen Ingila, uban yaron ya sayar wa soja shi da yaƙi ya tashi a 1914. Awa biyu da minti 26 ne tsawonsa.

Kuma abin da ke bayan labarin gaskiya ne. A yaƙin duniya na ɗaya, daga 1914 zuwa 1918, ƙiyasin da aka fi ambata shi ne dawakai da alfadarai da jakuna miliyan 8 suka halaka, da yawansu ma ba harsashi ne ya kashe su ba, yunwa ce da sanyi da cuta da wahalar jan igwa a cikin taɓo. Ostireliya ta tura dawakai wajen 136,000, guda ɗaya tak ya koma gida, sunansa Sandy. Waɗanda suka tsira da rai ba a mayar da su ba saboda kuɗin jirgin ruwa da tsoron shigo da cuta, aka sayar da wasu, aka ba wasu rundunonin wasu, waɗanda suka tsufa ko suka raunata aka harbe su.

Ko labarin tattabarar nan Cher Ami ta sojan Amurka, a watan Oktoba na 1918 a dajin Argonne na Faransa. Jamusawa sun yi wa sojoji sama da 500 ƙawanya, ga kuma manyan bindigogin 'yan uwansu suna sauka a kansu bisa kuskure, aka ɗaura wa tsuntsuwar takardar neman a daina harbin aka sake ta, ta isa da harbi a ƙirji da ƙafa tana reto. Mutum 194 ne suka fito da ƙafarsu. Har yanzu gawarta tana ajiye a gidan tarihi a Washington.

Wanda ya zauna ya kalli fim a kan irin wannan daga farko har ƙarshe, ni ba ni da magana da shi. Da mai almakashi nake.

Abin da aka zubar kafin ya iso wayarka

A cikakken fim ɗin, kafin a kai wurin wayar ƙayar nan, hafsan da ya sayi dokin ya riga ya mutu a ranar da aka tura mahaya da takubba su tunkari bindiga mai aman wuta. An harbe wasu samari biyu Jamusawa, wa da ƙani, saboda sun gudu daga yaƙin. Baƙin dokin da suke tare da Joey ya faɗi ya mutu don gajiya. Shi kansa yaron gubar gas ta rufe masa ido. Idan ka biyo duk wannan sannan ka ga abokan gaba biyu sun tsuguna a kan doki ɗaya suna hira, dole ka tambayi kanka, to me ya kai su kashe juna tun farko, wa ya aiko su, wa ya ci riba?

Mai yanka bidiyo ya zubar da duk wannan, ya tsince naman da ke kan shinkafar ya miƙo maka. Ba ka san dokin ba, ba ka san yaƙin ba, ba ka ma san shekarar ba, kiɗan ne kawai ya matse maka ido. Kuma kafin hawayen ya sauko haɓa bidiyo na gaba ya riga ya fara, wata tana koya girki, sai rigimar 'yan fim, sai tallan maganin basir, sai wani karen soja yana kwance a kan akwatin gawar ubangidansa, a sake sabon kuka. Ina lokacin tambaya a nan? Shi ya sa da aka ce min tarihi ne na yi dariya. Ka tambayi mai turo irin wannan bidiyon wace ƙasa da wace ƙasa ke yaƙin, ka ji amsa.

"Ai tausayin dabba addini ne"

Wannan ita ce hujjar da ta fi ƙarfi, kuma ban musa ba. Amma mu duba hadisan da kyau mana. Mutumin da aka gafarta masa saboda kare, rijiya ya sauka, ya cika huffinsa da ruwa, ya riƙe da baki ya hauro, ya shayar da karen. Matar da ta shiga wuta saboda kyanwa, ɗaure ta ta yi, ba ta ba ta abinci ba ba ta kuma sake ta ta nema ba. Raƙumin da ya ga Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye, Annabi bai tsaya a shafa shi ba, sai da ya nemi mai shi ya ce masa ya ji tsoron Allah, don yana barin sa da yunwa yana kuma wahalar da shi. Kowanne a cikinsu akwai abin da hannu ya yi ko ya ƙi yi.

Mu kuma fa? Jakin da ke ɗibar yashi a bayan layinmu da gyambo a gadon baya, kullum muna wuce shi. Kaji a ɗaure kai ƙasa a bayan babur cikin rana. Shanu a cushe a tirela daga Arewa har Legas. Jakuna kuwa sai da yankan su don fata ya kai Tarayyar Afirka ta haramta shi a watan Fabrairun 2024, fatun China ake kai su ana haɗa magani. Ban ga an cika sitatus da wannan ba. Ba kiɗa a kai ne, shi ya sa.

Wani abin da ya fi muni, wasu bidiyon ceton dabbar da muke wa kuka shirya su ake yi. A ɗauki ɗan kwikwiyo a jefa a rami ko a haɗa shi da maciji, a kunna kyamara, sai "jarumi" ya zo ya cece shi. Ƙungiyoyin kare dabbobi sun bankaɗo wannan harkar har YouTube ya sanar da hana ta a 2021, amma ba ta mutu ba. Yanzu kuma ga na kwamfuta, sojan da bai taɓa rayuwa ba yana rungume da dokin da bai taɓa rayuwa ba, mutane na ta rubuta Allah sarki a ƙasa. Kowane kallo da kowane Allah sarki kuɗi ne ga mai shafin.

Tattabarun Skinner

Tunda maganar dabbobin yaƙi ake, akwai wasu da ba a yi musu fim mai sa kuka ba, amma sun fi Joey shafar mu. A lokacin yaƙin duniya na biyu wani masanin halayya ɗan Amurka, B. F. Skinner, ya horar da tattabaru don a sa su a hancin bam, suna ganin hoton abin da ake son harba a wani ɗan allo suna saran sa da baki, saran kuma yana saita bam ɗin. Gwamnati ta ba da dala 25,000 a kan aikin, a 1944 aka soke shi.

Amma abin da shi Skinner ya yi suna a kai shi ne wannan: idan tattabara ta san duk sara ɗaya tsaba za ta faɗo, da tsabar ta daina zuwa ita ma ba ta daɗewa take dainawa. Idan kuwa ba ta san saran da zai kawo tsaba ba, wani lokacin na uku wani lokacin na talatin, to za ta yi ta sara ba ji ba gani, ko da tsabar ta daɗe da ƙarewa. A kan wannan aka gina injin caca, a kansa kuma aka gina allon da kake ja da babban yatsa. Bidiyo tara shirme ne, na goma ya taɓa ka, kuma ba ka san wanne ne na goman ba.

Su masu abin ba su ɓoye ba. Aza Raskin da ya ƙirƙiro shafin da ba ya ƙarewa a 2006, wanda kana ja yana ƙara zubowa, ya fito daga baya ya ce ya yi nadama. Sean Parker, shugaban Facebook na farko, ya faɗa a 2017 cewa suna sane suka gina shi a kan wani rauni na ɗan Adam. A shekarar ne kuma shugaban Netflix na lokacin, Reed Hastings, ya ce barci ne abokin gasarsu. Takardun da Frances Haugen, tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, ta fitar a 2021 sun nuna cewa a 2017 Facebook ya fara ƙirga fuskokin nan, ta fushi da ta dariya da ta kuka, a matsayin ninki biyar na layik. Wato fuskar kukan da ka danna da zuciya ɗaya, a wurinsu maki ne, kuma saƙo ne cewa a ƙaro wa wannan irinsa.

Kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi. Su lokacinka suke sayar wa masu talla, kai kuma kana biyan data a kai, datar da tun Janairun 2025 hukumar sadarwa ta Najeriya ta amince a ƙara wa kuɗi har kashi 50 cikin ɗari.

Jan ƙafa ba lalaci ba ne kawai

Iyaye suna cewa yaran yanzu ragwaye ne. Ban yarda gaba ɗaya ba. Rago ba ya kai ƙarfe uku na dare ido biyu.

Masu bincike irin su Fuschia Sirois da Timothy Pychyl sun daɗe suna cewa jan ƙafa gudun ɓacin rai ne. Aikin da ke gabanka yana sa ka jin wani abu mara daɗi, tsoron kada malami ya watsar da babin, ko ba ka san ta ina za ka fara ba, ko kunyar kiran wanda yake bin ka bayani tun wancan watan, sai ka nemi abin da zai sauya maka yanayi yanzu-yanzu, ka bar wa kai na gobe wahalar. Kai na goben kuma idan ya zo shi ma haka zai yi, ga ƙarin nauyin jiya.

A nan ne bidiyon kuka ya fi na dariya iya aiki. Dama ƙirjinka a cushe yake da damuwar aikin da ba ka yi ba, sai ga doki ya ba ka ƙofar da za ka sauke ta ba tare da ka taɓa aikin ba. Ka yi kukan, ka ji sakayau, ka ɗauka damuwar ta tafi. Da safe tela bai yanka ɗinkin Sallar mutane ba, ɗaliba ba ta buɗe handawut ba, ma'aikaci bai tura rahoton ba. An ruwaito a Bukhari cewa ni'imomi biyu mutane da yawa suna tafka asara a cikinsu, lafiya da samun sarari. Duk mun haddace, wasunmu ma a TikTok muka ji shi, tsakanin bidiyo biyu.

"Kalmar jaraba ta yi girma"

Wasu za su ce ana zuzuta abin, waya ba ƙwaya ba ce. Suna da ɗan gaskiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar wasan gem a jerin cututtuka, ba ta sa ta soshiyal midiya ba, kuma masana har gobe suna jayayya a kan girman illar. Na kuma san mata da yawa da wayar nan ce shagonsu, da ita suke sayar da atamfa da turaren wuta suna biyan kuɗin makaranta.

To a kira shi duk sunan da aka ga dama. A 2018 masu bincike daga jami'o'in Stanford da New York sun biya wasu mutane su rufe Facebook na sati huɗu, sai aka ga kusan awa ɗaya ta dawo musu a kowace rana, kuma bayan an gama da yawansu sun rage amfani da shi da kansu. Facebook kaɗai kenan fa, kafin TikTok ya mamaye ko'ina. Mai sayar da atamfa ita ma ta san bambancin amsa wa kwastoma da kwanciya ana ja har caji ya mutu.

Wa ake yi wa kukan

Wannan shi ya fi ci min rai. Akwai wani gwaji da masanin halayya Paul Slovic da abokan aikinsa suka wallafa a 2007: wasu aka nuna musu hoton yarinya ɗaya 'yar Mali mai suna Rokia, wasu aka ba su alƙaluman miliyoyin masu yunwa a Afirka. Waɗanda suka ga yarinyar sun ba da kusan ninki biyu. Da aka haɗa hoton da alƙaluman, kyautar sai ta ragu. Haka zuciyar ɗan Adam take, fuska ɗaya take iya ɗauka. Dabba kuma ta fi kowa sauƙi, ba ta da ƙabila ba ta da jam'iyya, ba za ta zo ta ce ka ranta mata ba.

A watan Agustan 2021 da Kabul, babban birnin Afganistan, ta faɗa hannun Taliban, wani tsohon sojan Birtaniya, Pen Farthing, ya fitar da karnuka da kyanwoyi sama da 150 a jirgin haya, bayan magoya bayansa sun tayar da ƙura a intanet. Shi ya ce dabbobin a wurin kaya suka zauna ba su tare kujerar kowa ba, ma'aikatansa ma sun fita daga baya ta Pakistan. Amma a kwanakin nan ɗin akwai 'yan Afganistan da suka yi wa sojan Birtaniya aiki da aka bari a ƙofar filin jirgi, kuma ba su samu rabin wannan ihun ba.

A Landan akwai katafaren dutsen tunawa da dabbobin yaƙi a gefen Hyde Park, an buɗe shi a 2004, an rubuta a jikinsa cewa ba su da zaɓi. Gaskiya ne, ba su da shi. Sai dai a Gabashin Afirka a yaƙin nan na Joey, ƙudan tsando ya karkashe dawakai da alfadarai, sai aka koma kan mutane, aka kwashi 'yan Afirka suna dakon kayan soja a ka, da yawansu dole aka yi musu, kuma wajen 95,000 suka mutu a ɓangaren Birtaniya kaɗai. Sai a watan Afrilun 2021 hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000, mai yiwuwa har 350,000, akasarinsu 'yan Afirka da Gabas ta Tsakiya, ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba, gwamnati ta ba da haƙuri. Shekara 17 bayan dutsen dabbobi.

A ƙasar Bama, wato Myanmar ta yau, a yaƙin duniya na biyu ma haka. Alfadaran da rundunar Chindit ta Birtaniya ta shiga daji da su sai da aka yi musu aiki a maƙogwaro don kada su yi kuka Japanawa su ji, abin tausayi ne ƙwarai. Amma runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma da ta yi yaƙi a kwarin Kaladan a 1944, mutane ne alfadaranta, 'yan dako marasa bindiga da kaya a ka cikin tsaunuka da damina. Dubun dubatar 'yan Najeriya ne suka je Bama, Hausa ce harshen bariki a wurinsu, wasunsu kakanninmu ne da muka taso muna jin ana ce musu 'yan Bama. Mai yanka bidiyo ba zai kawo maka su ba, ba su da kasuwa.

To a daina kallo kenan?

A'a. Ni cewa nake a kalla gaba ɗaya. Ka ware daren Asabar, ka kira 'yan gida, a sa wayoyi a ɗaki, a kunna fim ɗin a zauna masa awa biyu da rabi, wanda zai yi kuka ya yi. Fim yana da ƙarshe, sunaye za su hau allo ka tashi ka san ka gama, kuma yara za su yi maka tambayoyin da sai ka je ka nemo amsa.

Masu jiran gwamnati ta yi maganin abin su daina jira. Ostireliya ta kafa dokar hana 'yan ƙasa da shekara 16 buɗe shafukan sada zumunta, China ta sa wa ƙananan yara iyakar minti 40 a rana a Douyin, TikTok ɗinsu na gida. Duk na yara ne. Babu dokar da za ta zo ta karɓe wayar ɗan shekara 25 ko uban 'ya'ya huɗu.

A jami'ar Pennsylvania a 2018 an gwada ɗalibai 143, aka taƙaita wa wasunsu Facebook da Instagram da Snapchat zuwa minti goma-goma a rana na sati uku, aka ga kaɗaici da damuwa sun ragu musu. Ba sai ka kai nan ba. Kowace waya yanzu tana da wurin da take ƙirga maka awannin da ka yi a kowace manhaja, ka shiga setin ka duba na satin jiya, ka sa wa TikTok iyaka, lambar buɗewar kuma ka ba matarka ko abokinka ya sa, kada ya faɗa maka ko ka yi magiya. Caja ta kwana a falo. Idan kuma don asuba kake ajiye wayar a gefen filo, agogon ƙararrawa yana nan a kasuwa, bai kai kuɗin datar wata ɗaya ba.